Numfashin Ɗana Yana Hannun Surukina

Gwaggo Herminia, don Allah ki taimake ni, na rasa wanda zan gaya wa.

Ni ba mai zuwa silima ba ce. Na tarbiyyantar da 'ya'yana a kan cewa zama cikin duhu ana kallon ƙarya aikin marasa abin yi ne. Amma 'yata Yasna ta matsa, wai ranar haihuwata ce, muka hau bas daga garinmu Quellón zuwa birnin Castro, ni da ita da mijinta Nibaldo da ɗana Eladio.

Fim ɗin na wani mutum ne da ya fita gyaran jirginsu a sararin samaniya, abu ya lalace, iskarsa tana ƙarewa, abokin aikinsa na ciki yana fama ya jawo shi. Ba ka jin komai sai numfashinsa. Gwaggo, ai aikin Eladio ke nan. Yana nutso ƙarƙashin teku yana tsinto katantanwa, iskar da yake shaƙa ta tiyo take zuwa daga injin da ke kan kwale-kwale. Mai riƙe tiyon kuwa Nibaldo ne. Kin san ƙa'idar: hannunka a kan tiyo don ka ji idan na ƙasa ya fizga, kunnenka a kan inji, idonka a kan hayaƙi kada ya koma cikin iskar.

Na juya na ga Eladio ya damƙe hannun kujera, ya daina cin guggurunsa. Na juya ɗaya gefen, Nibaldo ya hangame baki yana minshari! Da muka fito na ce masa, “Ba ka ji kunya ba?” Ya yi dariya ya ce, “Haba Mama, da ni ne a jirgin nan, da tuni na jawo shi mun ci abincin rana.” Eladio ya ce, “Kai da ko gidanku sai an jawo ka ranar Asabar?” Suka bushe da dariya. Ni ban yi ba. Nibaldo yana shan giya, kowa ya sani, kuma na sha faɗa cewa mai sha ba abin ba wa amana ba ne.

Tun ranar, da na ji ƙarar injin kwale-kwale sai in tuna minsharin nan. Ina so in umarci Eladio ya canza mai riƙe masa tiyo. Amma a nan, wanda aka karɓe tiyo daga hannunsa ba wanda zai ƙara ɗaukarsa, ga Yasna da yara uku. Sati mai zuwa Eladio da Nibaldo za su tafi nutso tsibiran kudu. In yi magana in rusa gidan 'yata, ko in yi shiru?

Uwa mai fargaba, Quellón

'Yar'uwa,

Tsoronki ba shirme ba ne, amma kin haɗa abu biyu, mu raba su. Barci a silima ba shaida ba ce. Wanda ya yi sati yana fita da asuba, ya samu kujera mai laushi, zai yi minshari ko me ake nunawa. Shan kuwa magana ce ta gaske, sai dai ba ki gaya mini abin da ya fi muhimmanci ba: yana sha a daren da za su fita, ko a kan ruwa? Ina jin ke ma ba ki sani ba.

Eladio ya sani. Shi ke fizgar tiyon, shi ya san ko ana amsa masa da wuri. Kira shi ku biyu kaɗai kafin tafiyar. Kada ki yi wa'azi, kada ki ba da umarni, domin ɗan da ya saba jin faɗa ya iya rufe kunne. Gaya masa tsoro kike ji, ki tambaye shi: ya taɓa fizga bai ji amsa ba?

Idan ya ce a'a yana kallon idonki, ki yarda, ki kuma daina yi wa surukinki kallon mai laifi. Idan ya yi jim, to maganar zumunci ta ƙare: a sa wani a kan tiyo, Nibaldo ya koma tuƙi, ba sai an tozarta shi ba. Yasna za ta yi fushi, ta huce. Gara ta yi wata tana gaba da ke, da ta zauna gida ɗaya da mutumin da ya dawo ba tare da ɗan'uwanta ba.

Allah ya kai su lafiya, ya dawo miki da su duka biyun.

Herminia