Na Gudu Na Bar Yaran da Aka Ba Ni Gadi

Assalamu alaikum Hajiya Yelwa. Don Allah ki taimake ni, na rasa wanda zan faɗa wa wannan magana. Ki ɓoye sunana, na mutanen ciki ma na canza.

Ni manomi ne a wani ƙauye ta wajen Dutsi. Da satar ɗalibai ta yawaita a wasu wurare, kwamitin tsaro na gundumarmu ya kafa ƙa'ida cewa kowace makarantar gwamnati sai an ajiye mata mai gadi da bindiga. Ni ne na fi kowa ɗaga murya a taron iyayen yara, har na ce duk uban da ba zai tsaya wa ɗansa ba ya cire wando. Shi ya sa aka zaɓe ni. Kwana uku aka yi ana nuna mana riƙon bindiga, aka kai ni ƙofar firamaren garinmu, inda 'yata Madina take aji huɗu.

Wata Laraba da hantsi, cikin damina, na hango babura kusan takwas sun taho a guje daga arewa, goyo bibbiyu. Salansar ɗaya ta yi ƙara kamar harbi. Hajiya, wallahi ban san lokacin da na yar da bindigar ba. Na tsallake katanga na faɗa gonar gero. Ta bayan tagar ajin Madina na wuce, ina jin muryoyinsu suna karatu, ban tsaya ba.

Sai a ƙofar gidan dagaci na dawo hayyacina. Da aka tambaye ni, bakina ya ce gudummawa na zo nema. Aka yi gangami aka tafi makarantar, ashe masu fasa-ƙwaurin shinkafa ne, sun ma wuce abinsu. Muka tarar Malama Fadila, malamar ajin su Madina, da cikinta wata bakwai, ta kulle ƙofa ta kwantar da yara a ƙasa, ita kuma tana tsaye. Da mutane suka watse ta miƙo mini bindigar naɗe cikin tabarma, ta ce, "Ga kayanka Malam, ka manta." Har yau ba ta ƙara ko kalma ba, gaisuwarta ma ba ta canza ba. Na gwammace ta zage ni.

Yanzu gari ya ɗauka dabara na yi. Madina tana yi wa ƙawayenta alfahari da ni. Hedimasta ya ce za a karrama ni ranar rabon sakamako, dagaci kuma yana so in riƙa koya wa sababbin masu gadi aiki. Abinci ba ya shiga, a masallaci sahun baya nake tsayawa. In tona kaina ne, ko in ajiye aikin in ce ciwon ƙafa? Ko in yi shiru tunda ba abin da ya faru?

Naki,
Mai Gadin da Ya Kasa

Wa alaikumus salam ɗan'uwa.

Gudun da ka yi bai ba ni mamaki ba. An ɗauko manomi, an yi masa horon kwana uku, an ce shi kaɗai ya tare babura takwas. Ƙa'idar ta sa maka bindiga a hannu, amma ba ta koya wa ƙafafunka tsayawa ba, kuma da ka yi harbi cikin firgici a ƙofar da yara suke, wataƙila da wasiƙar ta'aziyya nake amsawa. Ka sassauta wa kanka a nan.

Inda ba zan sassauta maka ba shi ne maganar ƙofar dagaci. Ita ce take hana ka cin abinci, kuma idan ka karɓi karramawar za ta ƙara nauyi. Maganar ciwon ƙafar kuwa ƙarya ce ta biyu, ka bar ta.

Ba na ce ka tara gari ka tona kanka ba. Allah Ya rufa maka asiri, Malama Fadila ma ta rufa. Amma iyaye suna sakin 'ya'yansu da safe ne don sun yarda akwai mai tsayawa a ƙofa, saboda haka hedimasta da dagaci suna da haƙƙin sanin gaskiya. Ka same su su biyu kafin ranar rabon sakamako. Ka ce a ba malamar karramawar, aikin koyarwa kuma a nemo wanda ya san shi. Ka roƙi a ƙara muku horo, a sa mutum biyu a ƙofa, a ba ku lambar jami'an tsaro, a kuma koya wa yara inda za su nufa idan an kaɗa ƙararrawa. Idan bayan haka ka ga zuciyarka ba za ta ɗauka ba, ka mayar da bindigar da hannunka ka koma gona. Ba abin kunya ba ne.

Sannan ka ɗauki mai ɗakinka ku je gidan Malama Fadila ka yi mata godiya, ka faɗi abin da kake gode mata a kai. Madina kuwa ka bar ta tukuna, idan ta girma ka ba ta labarin da bakinka.

Allah Ya yaye maka, Ya sauki malamar lafiya, Ya tsare mana yaranmu.

Hajiya Yelwa