Makullin da Na Tarar a Aljihunka

Zuwa ga Baba Saja,

Assalamu alaikum. Na san ba za ka karanta wannan ba. Ko kana da rai ma, cewa za ka yi tabaronka ya ɓata, in karanta maka. Amma ban san wa zan tambaya ba in ba kai ba.

Kowa lafiya a Bulumkutu. An yi sadakar arba'in, jikarka Amina ta fara tafiya.

Ranar da aka kawo kayanka daga Kasuwar Kifi ta Baga Road, inda ka shekara biyu kana kwana a rumfar masu banda, na tarar da makulli a aljihun tsohuwar rigarka ta soja. Kofur Ishaya, abokin kwananka a rumfar, shi ya gaya mini cewa ƙungiyar da ke nema wa tsofaffin sojoji matsuguni ta ba ka ɗaki tun kafin azumi. Baba, kana da ɗaki? Ina nan ina yawo da baki, ina gaya wa kowa an yi watsi da ubana, ashe makulli na aljihunka?

Na je na gani. Ɗaki ne mai kyau, har da taga. Tabarma a shimfiɗe, ga butarka, ga takalmanka a jere kamar za a zo duba fareti. Maƙwabciya ta ce kullum bayan azahar kakan zo ka share, ka zauna a bakin ƙofa, kafin magariba ka tafi. Ta ce sati guda kafin rasuwarka ka ari sukuddireba, ka cire ƙyauren, ka jingine shi da bango.

Baba, akwai abin da ban taɓa faɗa ba. Lokacin da kake gidana bayan ka bar aiki, kana firgita cikin barci ka fita titi ba takalmi, ni ce na riƙa sa wa ƙofarka kwaɗo ta waje. Ba mijina ba ne, ko da yake na bar ka ka zarge shi. Tsoro nake kar keke napep ya buge ka. Kwana tara aka yi haka, ran na goma ka ɗauki jakarka. Kulle ka na yi ko kare ka? Wallahi har yau ban sani ba.

Yanzu ga damina ta matso, Ishaya na tari, kuma sunansa ne ke bin naka a jerin masu jira. Ƙungiya ta ce in mayar da makulli ran Juma'a, a mayar da ƙyaure, don ba a miƙa ɗaki a buɗe. Suna da gaskiya. Shi kuwa Ishaya ya ce in aka rufe ba zai shiga ba. Shi ma yana da gaskiya. Me kuka gani a daji ne da ku biyu ba ku iya gaya mana?

Jiya na kai kafinta. Ya ɗaga ƙyauren, sai na ji kaina ina ce masa ya ajiye. Gobe zan je ofishinsu in roƙa a sa labule kawai. Ban san ko za su yarda ba.

Abu ɗaya nake son sani. Bayan ka cire shi, ka kwana a ciki ko sau ɗaya? Maƙwabciyar ta ce ba ta lura ba.

Ka yafe mini. Allah ya yalwata makwancinka.

'Yarka mai kwaɗon,
Yagana