Marainiyar da Wanka Ya Hana Ta Akuya

Zuwa ga mai girma shugaban ƙungiyar tallafa wa marayu da raya karkara mai ofishi a birnin Tahoua, da abokan aikinsa na ƙetare masu aiko da alherin.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan kuna lafiya ku da iyalanku, ni tsoho ne mai limanci da karantar da yara a wani ƙauye na karkarar Bambeye. Na rubuto a fili ne domin na zo ofishinku ban samu ganinku ba; mai gadi ya ce kuna taro a kan yadda za a riƙa sauraren talakawa.

Ina farawa da godiya. Rijiyar da kuka gina mana tana ba da ruwa, allon sunanku da aka kafa a gefenta kuma jakuna na shan inuwarsa. Allah ya saka.

Na ɗaya. A watan Sha'aban da ya wuce maigari ya sa aka yi shela cewa baƙi za su zo su ga marayu, a ba kowanne akuya. A gidana akwai Hadiza, ɗiyar ƙanena Abdu, wanda ya rasu tana goye. Mu a ƙasar Adar, in baƙo zai zo, yaro sai an yi masa wanka an sa masa kayan Salla, ko da na aro ne. Mai riƙon maraya kuwa ya fi kowa kula da wannan, don kada a ce ya tozarta amana. Matata ta yi wa Hadiza kitso, ta sa mata kwalli, ta ɗaura mata sabon zane. Haka aka yi a duk gidan da ke da maraya.

Na biyu. Saurayin da kuka turo da na'urar hoto ya dubi yaran, ya ce ba su yi kama da marayu ba, masu bayarwa can ba za su ji tausayi ba. Ana cikin haka sai ga wasu yara sun dawo daga kiwo, ƙafa ba takalmi, riguna duk ƙaya ta yage. Ya yi murna kamar ya tsinci abin da ya ɓace masa. Su aka ɗauka hoto, su aka ba awaki. Ranka ya daɗe, na yi furfura a karatun fiƙihu, abin da na sani, maraya shi ne wanda ubansa ya rasu kafin ya balaga. Ban taɓa cin karo da sharaɗin rashin wanka ba. In wani sabon littafi ne ya sauka daga ƙetare, a taimaka a aiko mini in ƙaru.

Na uku. Cikin waɗanda aka ɗauka akwai ɗan Illa maƙwabcina. Shi Illa ya tafi bida, wato ci-rani, Abijan yana sayar da shayi. Ya ga hoton ɗansa a waya, an rubuta da Faransanci cewa maraya ne. Abokan sana'arsa suka taru suka yi masa ta'aziyyar kansa. Ya kira ni yana tambaya ko ni na yi masa salla, kuma ko matarsa ta fara takaba. Na tabbatar masa cewa a shari'a yana raye, a takardun furojenku na tallafi ne kaɗai ya rasu.

Na huɗu, kuma shi ne ya sa na ɗauki alƙalami. An ce za ku dawo bayan kaka. Mata sun fara adana tsummoki, suna ce musu kayan baƙi. Hadiza ta roƙi matata kada a yi mata wanka ranar da za ku zo, sa'an nan ta tambaye ni ko laifi muka yi da muka riƙe ta da kyau. Na amsa wa manya tambayoyin gado da na saki ban yi gargada ba, amma wannan ita na kawo gabanku. Akuya ba ta dame ni ba. Da wuyar da muke ciki muka reni Hadiza har yau. Abin da nake tsoro shi ne ta tashi da sanin cewa mutunci hasara ne, wanda ya nuna an wulakanta shi shi ke samu.

Don haka ina roƙon a tambayi mutanen gari wane ne maraya kafin a tambayi na'ura. A cire hoton ɗan Illa, a mayar masa da ubansa. Akuyar kuma a bar masa, ba shi ya yi ƙarya ba. A kuma gaya wa masu bayarwa cewa maraya mai tsabta alama ce wani yana tsoron Allah a kansa, ba alama ce ta cewa ba ya da buƙata ba.

Ranar da kuka dawo za ku tarar da Hadiza ta yi wanka, ko da za ta sake rasa akuyar. In saurayinku yana neman hujja, maƙabartarmu tana gabas da gari. Ni da kaina zan kai shi kabarin ubanta, ya ɗauka yadda yake so.

Allah ya tsarkake niyyarku, ya raya ƴaƴanku a gaban idonku, ya sa kada a taɓa buƙatar hotonsu.

Wassalam.

Malam Alhassan Liman
Karkarar Bambeye, Adar