Bututun da Kawu Nasidi Ya Binne

PK5, Bangui, 3 ga Maris

Kawu Nasidi,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da Inna Rahama da kowa a Garoua-Boulaï. Yaya idanun?

Kawu, na samu aiki. Ka tuna benen nan mai hawa huɗu a bayan titin Koudoukou, wanda ka ja wa wayar tarho tun ba a haife ni ba? Hajiya Amariya ungozoma ta mayar da shi asibitin haihuwa, ni aka ba tsara layin kwamfutocinsa.

Na zana akwatin rarraba layi biyu a ƙasa, suwic muke ce musu. Kowane hawa zai sauko da waya biyu, ɗaya ga wannan akwati, ɗaya ga wancan. In ɗaya ta yanke, ɗayar ta ɗauka, likita a ƙasa ya ci gaba da ganin bugun zuciyar jariri a hawa na huɗu. Sai dai hanyar waya ɗaya ce a ginin, jikin matakala, ɓera guda ya isa ya gaigaye su tare. Hajiya ta ce, "Khairiyya, na gama fenti, ba mai fasa mini bango. In wata ya ƙare babu dabara, a ja guda ɗaya."

Tun ranar, in na kishingiɗa bayan azahar sai in ga ginin ya zama gilashi, korayen fitilu suna hawa da sauka cikinsa kamar kifi a kogin Ubangi.

Taka,
Khairiyya

Garoua-Boulaï, 12 ga Maris

'Yata Khairiyya,

Wa alaikumus salam. Rahama ce ke rubutawa, ni ina faɗa.

Kada ki fasa komai. Ki je bayan ginin, gefen gabas, ƙarƙashin tankin ruwa. Daidai gwiwarki akwai wani murfin ƙarfe. Bututu ne na binne, ya miƙe har sama, yana da baki a kowane hawa. Na bar shuɗiyar igiya a ciki.

Ko Rahama yau take jin dalili. Na so in karɓi ɗakin sama in buɗe wurin gyaran tarho, da layina na kaina. In na tashi daga aiki nakan hau can in tsaya a taga, rufin gidajen unguwannin Kokoro da Miskine shimfiɗe a gabana, in riƙa jera tebura a raina. Ina ta cewa baɗi, har shekarar rikici da muka gudo daga Bangui da kayan jikinmu.

Allah Ya yi miki albarka.
Kawunki

PK5, 27 ga Maris

Kawu,

Barka da war haka. Singila mingi, na gode ƙwarai! Na kankare fenti na samu murfin. Igiyar na nan, ta koɗe amma ba ta tsinke ba. Da na ja ta daga sama, sai na ji kamar kai ne ke riƙe da ɗaya bakin.

Jiya muka gwada. Na zare waya ɗaya a gaban Hajiya, alhali akwai mai naƙuda a sama. Hoton da ke kan kwamfutar ya ɗan ƙifta, ya dawo, zuciyar tana ta bugawa. Hajiya ta ce, "Wanda ya binne bututun nan, yana raye?" Na ce ƙwarai. Ta ce ranar walimar buɗewa kai ne baƙon da zai fara hawa ɗakin sama, inda mai naƙudar nan ta haifi 'ya mace.

Ka zo, Kawu.
Khairiyya

Garoua-Boulaï, 5 ga Afrilu

'Yata,

Salamu alaikum. Shekara goma ban yarda a ambaci hanyar Bangui a gidan nan ba. Jiya na aiki Rahama tasha ta tambayo ranar da mota ke tashi.

Ban ce zan zo ba. Amma ki duba mini ko matakalar tana da abin dafawa.

Kawunki