Takardar da Na Riƙe Kai Ƙasa

Kawu Abdul-Basiɗ,

Ka tuna takardar da ka danƙa mini ranar bikin makaranta, ko in tuna maka?

Gaisuwa dai dole ce. Ina gaida Umma, yaya ƙafarta? Ka ce mata lafiyata ƙalau a Kuwait. Hannun ya kusa warkewa, yatsu biyu kawai injin ya taɓa.

Ina aji huɗu ban san ko alif ba, kuma ka sani, tunda kai ne malaminmu. Mako uku kana sa ni in haddace waƙar kogin Nilu. Ranar bikin, da sufeto ya zo daga birnin Suhaj, ka ce, "Riƙe wannan, Shahata, ka yi kamar kana karantawa." Na rera, iyaye suka yi ta tafi. Sai sufeto ya leƙo ya juya mini takardar, ashe kai ƙasa na riƙe ta. Kai ka fara dariya. Ka ce, "Jaki ne, ranka ya daɗe, gona ta fi dacewa da shi." Washegari Baba ya cire ni daga makaranta.

A jikin buhun siminti na koyi karatu, Kawu, ba a hannunka ba.

Na ji Wafiyya, 'yar yayata, za ta rera waƙa a bikin ritayarka ranar Alhamis. Allah ya sanya albarka. Amma kafin ta fara, ka miƙa mata jaridar ranar a gaban kowa. In ta kasa karantawa, ka karɓi lasifikar ka faɗa wa mutanen gari wane ne jakin.

Ɗan ƙanwarka,
Shahata