Jinin Mijina Yana Cikin Firijinku

Zuwa ga Shugaban Asibitin Unguwarmu,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Sunana Rabi, matar Malam Sani baduku, daga Dala. Na yi ta sintiri ofishinka, kullum ka tafi taro, shi ya sa na rubuto inda kowa zai gani.

Na farko. Mijina ya daɗe da ciwon hanta, yana shan magani yana sana'arsa ta ɗinkin fata. Bayan ƙaramar salla ya soma ramewa, cikinsa ya kumbura. Likitanku, Allah ya saka masa, bai ɓoye mana ba: ko tsohon ciwon ne ya motsa, ko ya rikiɗe ya zama daji. Hoton ciki bai fayyace ba. Ya ce akwai gwajin jini da zai taimaka a bambance, in dajin ne kuma yana ƙarami, a tura shi babban asibiti a yi masa aiki. Ranar aka ɗebi jinin.

Na biyu. Babbar salla ta wuce, jinin nan yana firiji. Mai ɗakin gwaji ya ce da ni, "Hajiya, ba ma buɗe kwalbar sinadarin don mutum ɗaya, lalacewa take. Sai masu irin ciwon sun taru." Ashe motar tasha muka shiga, sai ta cika? Mutumin da ya zo muku da ƙafarsa, yanzu sai ƙannensa sun tallabo shi daga lungu zuwa bakin titi. A da yakan tambaye ni sakamako in ce gobe. Ya daina tambaya.

Na uku shi ne ya fi ci mini rai. Ranar Litinin ina zaune a bencinku aka shigo da wani dattijo, ciki a kumbure, 'yarsa tana kuka. Wallahi daɗi na ji, na ce mun ƙaru da ɗaya. Sai da na fita waje na yi istigfari ina hawaye. Ni ba haka iyayena suka tarbiyyantar da ni ba.

Roƙona, a buɗe kwalbar nan a makon nan. In ba zai yiwu ba, a aika jinin inda za a gwada. Kuma a riƙa faɗa wa mutane gaskiya tun kafin a soka musu allura.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya kare ka daga ranar da za ka zauna jiran mijin wata ya kwanta ciwo kafin a duba naka majinyacin.

Wassalam,
Rabi, Dala, Kano.