Ranar da Muryarki Ta Kira Sunana

Zuwa ga mahaifiyata, Malama Habiba,

Assalamu alaikum, Inna. Bayan gaisuwa irin wadda kika koya mana, ina sanar da ke cewa ajinki na zaurenmu a unguwar Briqueterie bai mutu ba. Ni nake riƙe da shi tun da aka kai ki makwancinki. Allonki na nan, tabarmi na nan, ƙarar kekunan telolin maƙwabta ma ba ta fasa ba. Muryarki ma tana nan, kuma ita ce ta sa na zauna rubuta miki.

Kin tuna mutanen furojen nan, masu shirin tallafa wa karatun yara, da suka zo kina cikin ciwo? Su suka kawo wa yara tabilet, suka ɗauki kuɗin kuran, wato wutar lantarki, da albashin malamar da ke taimaka miki. Suka zaunar da ke kina karanta baƙaƙe da ƙirga, da Hausa da Faransanci, suna ɗauka a na'ura. Kika yi ta dariya, wai da tsufanki an mayar da ke rediyo.

Bayan rasuwarki yara suka ci gaba da karatu da abin da aka ɗauka. Akwai wurin da tari ya tare ki a darasin ƙirga. To yaran da ba su taɓa ganinki ba, har 'ya'yan mahautan da ake kawowa daga Etoudi, in sun iso nan sai su tsaya gaba ɗaya, su yi gyaran murya, sannan su wuce. Ranar farko na shiga cikin gida na yi kuka. Daga baya na saba.

Na bana ne na kasa sabawa da shi. Mutanen furojen sun dawo da sabon tsari, wai na'urar ta haddace muryarki, yanzu tana iya faɗin abin da ba ki taɓa faɗa ba. Ga ki nan kina koyar da lissafin da ke kanki ba ki sani ba. Ga ki kina gaishe da yaran da aka haifa bayan tafiyarki, kowa da sunansa. Yaro ya yi kuskure, nan take a ce masa madalla, sake gwadawa. Haba! Ke da yaro kan yi wata guda bai ji madalla daga bakinki ba? In ya kuskure shiru kike yi, ki zuba wa allo ido har ya gano da kansa. Wannan ba ta san shiru ba.

Ranar Laraba da hantsi mai gyaran na'urorin ya zo daga Cité Verte, ya shigar da sunayen malamai. Na kunna a gaban yara. Sai muryarki, da ɗan kaushin nan nata, ta ce, "Sannu da zuwa, Zainabu."

Inna, ni ce 'yar farinki. Tun da kika haife ni ba ki taɓa kama sunana ba. "Ke 'yar nan" nake, a gida da aji. In takwarata ta shigo ajinki, sai ta koma "mai jan ɗankwali" har ta gama. Ko ranar da kika riƙe hannuna a asibiti, abin da kika ce shi ne, "Ke, riƙe min yaran nan."

Yara suka juyo suna kallona, domin ba yaron da bai ji labarin kunyar Malama ba. Goggo Dija, aminiyarki, tana ratsa zauren da kwano a hannu. Kwanon ya suɓuce, ta hau salati, ta fita da baya. Har yau ta ƙofar baya take shigo mana.

Ba zan ɓoye miki ba, ina ƙarama na sha laɓewa bayan ƙofa ina fatan ki manta ki kira ni ko sau ɗaya. Ga shi na ji, da rana tsaka. Muryar taki ce, amma wadda ke cikinta ba ta san ni ba.

Na je na sami mutanen furojen. Ba mugayen mutane ba ne, sun ma ba ni haƙuri. Suka ce in iyali ba su yarda ba za a cire muryar, sai dai tallafin a kanta aka gina shi. In ta tafi, tabilet da kuɗin kuran da albashi za su koma wata unguwa. Ƙannena suka ce ni ce babba, in yanke. Na tambayi limaminmu, ya ce Allah ne masani.

Na duba yaran nan, Inna. Yawancinsu ba su da wani lakol, wato makarantar boko, sai wannan zauren. Na ce a bar muryar. Amma daga yanzu in yaro ya kuskure, ni nake kife tabilet ɗin a tabarma, in yi masa shirunki har ya gano.

Sharaɗi ɗaya na kafa, a cire sunana daga bakinta. Mai gyaran ya tambaye ni ko zan so in ƙara ji sau ɗaya kafin ya goge. Na daɗe ina kallon abin a hannunsa. Na ce masa a'a, uwata ba ta kiran sunana.

In na yi kuskure da na bar muryarki tana aiki bayan kin huta, ki yafe min. Allah Ya haskaka makwancinki, Ya sa kowane harafi da yaran nan suka koya ya iske ki a matsayin lada, Ya haɗa mu a inda zan gane ki tun kafin ki yi magana. Amin.

Taki har abada,
'Yar nan.